Rabon Baƙo a Gefen Gona

Karatu: Ruth 2:1-23, Levitikus 19:9-10, Kubawar Shari'a 24:19-22.

Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:2.

Manufar darasi: Mu gane cewa Allah ya ajiye wa baƙo rabo a cikin gonar mai bi, kuma sau da yawa ta hannun baƙo yakan aiko wa gida da taimako.

Gabatarwa

Kowane manomi a ƙasar Jos ya san kwanakin yankan acca. Acca ba ta jira. In ta nuna aka yi jinkiri, sai ƙwayarta ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Domin wannan akan kira gayya, maza su shiga da lauje, mata su bi baya suna tarawa. Gayya abu ne mai kyau, amma bashi ce: wanda ka je wa yau, shi zai zo maka gobe. Akwai kuwa wani irin alheri da ya fi wannan wuya, watau alherin da ke shiga tsakanin mutum da wanda bai sani ba, ba dangi ɗaya, ba harshe ɗaya, babu kuwa begen ramawa. Shi za mu bincika yau.

1. Dokar gefen gona

Sa'ad da Ubangiji ya ba Isra'ila shari'a ta hannun Musa, bai manta da ranar girbi ba. Ya hana mai gona ya girbe gonarsa har iyaka, ya hana shi kuma komawa ya yi kalar abin da ya faɗi. In ya manta da dami a gona, kada ya koma ɗauka. Duk wannan rabon matalauci ne, da maraya, da gwauruwa, da baƙo.

Mu lura da abu biyu. Na fari, wannan umarni ne, ba a bar shi ga jin daɗin mai gona ba. Baƙon da ya shiga kala hakkinsa yake ɗauka, ba ya bukatar ya durƙusa a ƙofar kowa. Da ƙarfinsa yake tsinta, mutuncinsa kuwa yana nan. Na biyu, Allah ya ba da dalili: su tuna su ma bayi ne dā a Masar, sun san zafin zama a ƙasar wani. A Levitikus 25:23 kuma ya faɗa masu ƙasar tasa ce, su kansu baƙi ne a wurinsa. Ashe mai gona ma aro aka ba shi. Wanda ke zaune a gonar aro, ina dalilin da zai ƙulle ta ga ɗan'uwansa baƙo?

2. Baƙuwa a gonar Boaz

A zamanin alƙalawa yunwa ta kori Naomi da mijinta da 'ya'yansu biyu daga Baitalahmi zuwa ƙasar Mowab. Can mijin ya mutu, bayan shekara wajen 10 'ya'yan kuma suka mutu. Naomi ta komo hannu wofi a farkon kakar sha'ir, ba kowa tare da ita sai Ruth, matar ɗanta, mutuniyar Mowab.

Wa ya fara yin alheri a cikin wannan labari? Mukan yi saurin cewa Boaz, amma baƙuwa ce ta fara. Ruth ba ta da abin da za ta samu wurin tsohuwa gwauruwa. Duk da haka ta bar iyayenta da ƙasarta ta bi ta, ta kuma fita da sassafe neman abin da za su ci. Gidan Naomi ya rayu ta hannun baƙuwa.

Sa'an nan mu duba abin da Boaz ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Ya gan ta, ya yi tambaya a kanta. Ya kira ta ɗiyarsa. Ya ce ta tsaya a gonarsa, ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, gama ya san abin da kan sami mace baƙuwa ita kaɗai a gona. Ya ce ta sha daga ruwan da ma'aikata suka ɗebo. Da lokacin abinci ya yi, ya kira ta kusa, ya miƙa mata gasasshen hatsi, ta ci ta ƙoshi har ta rage wa Naomi. A ƙarshe ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna barinta a ƙasa, kada kuma su tsauta mata. Da yamma ta sussuke abin da ta kalata, ya kai wajen efa guda. Masana suna ƙiyasta efa da lita 22, watau ya ɗara garwar kananzir.

Shari'a ta ce a bar kala. Ba ta ce a ba da ruwa, da abinci, da tsaro ba. Boaz ya cika doka, kāna ƙauna ta kai shi gaba da ita. Ya kuma yi kyautarsa a asirce, domin kada Ruth ta ji kunya.

Ga wani abu mai nauyi. A Kubawar Shari'a 23:3-4 an hana mutanen Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ba su taryi Isra'ila da abinci da ruwa ba sa'ad da suka fito daga Masar. Ga shi Boaz yana ba 'yar Mowab abinci da ruwa, ainihin abin da kakanninta suka hana kakanninsa. Bai ɗora mata laifin dangi ba. Daga auren waɗannan biyu aka haifi Obed, kakan sarki Dawuda, sunan Ruth kuwa yana cikin asalin Yesu Almasihu a Matta 1:5.

3. Baƙi a gonakin tudun Jos

Ƙasarmu ta san baƙi da daɗewa. A farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta jawo mutane daga Kano, da Zariya, da Borno, da kudu, suka zauna a ƙasar Berom, da Anaguta, da Afizere. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo daga Kafanchan kuma a 1927. Fulani suka hau da shanunsu domin sanyin wurin da rashin ƙudan tsando.

Me ya shiga tsakanin waɗannan baƙi da masu ƙasa? An yi jayayya, ba shakka. Amma an yi alheri mai yawa wanda ba a rubuta ba. Ƙasar tudun nan ba ta da ƙarfi sai da taki. Bayan girbi manomi yakan bar makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, gonar ta yi kyau a damina mai zuwa. Matar Bafulatani takan kawo nono da man shanu, ta koma da hatsi. Yara da yawa na gidajen manoma sun yi wa Fulani kiwo, aka sallame su da maraƙi, daga nan wasu gidaje suka fara mallakar shanu.

Haka kuma noman rani. Haƙar kuza ta bar ramummuka waɗanda suka cika da ruwa a wajajen Bukuru da Barkin Ladi. Hausawa masu sanin lambu suka ari filaye a bakin waɗannan tafkuna da bakin kogin Dilimi, suka yi ta ban ruwa da jigo. Masu ƙasa suka ba da fili, suka kuma koyi sana'ar. Kabeji, da karas, da tumatir da ake kai wa kasuwar Farin Gada, a cikinsu akwai 'ya'yan wannan zaman tare. Wani ya ba da ƙasa, wani ya ba da sani, gidaje biyu suka ci.

4. Sa'ad da tsoro ya shigo

Wani zai ce, wannan labarin dā ne. Gaskiya ne an zub da jini a Jos a 2001, da 2008, da 2010, da ƙauyuka masu yawa bayan haka. Akwai masu karanta wannan darasi waɗanda suka binne nasu, ko aka cinye masu gona a dare ɗaya. Maganar Allah ba ta raina wannan baƙin ciki ba, ba ta kuma ce mai bi ya zama marar lura ba. Boaz ma ya yi tambaya kafin ya yi magana. Neman shari'a a kan wanda ya yi ɓarna daidai ne. Abin da aka hana mu shi ne mu ɗora laifin mai ɓarna a kan kowane mai harshensa.

Ku tuna da abin da ya faru a ƙauyen Nghar, a ƙasar Barkin Ladi, ran 23 ga Yuni 2018. 'Yan bindiga suka auka wa ƙauyukan manoma, mutane suka gudu, yawancinsu Kirista ne. Limamin ƙauyen, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe masu gidansa da masallaci, ya ɓoye fiye da mutum 200. Da maharan suka zo, ya tsaya a gabansu yana roƙo, ya ƙi buɗe ƙofa. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo saboda wannan. Shi da kansa ya faɗi cewa shekara fiye da 40 kafin wannan rana, Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin, kyauta. Waɗanda suka ba da filin ba su san 'ya'yansu za su tsira a cikinsa ba. Gefen gona suka bari, Allah kuwa bai bar shi ya faɗi ƙasa banza ba.

Ubangijinmu ya san taurin zuciyarmu a wannan wuri. Domin haka, sa'ad da ya so ya nuna maƙwabci na gari, Basamariye ya zaɓa, mutumin da Yahudawa suka ƙi (Luka 10:30-37). Ya koya mana kuma cewa abin da aka yi wa baƙo, shi aka yi wa (Matta 25:35-40).

5. Abin da za mu yi

Ya 'yan'uwa, alherin ranar wahala a ranakun lafiya ake shuka shi. Ga abubuwa huɗu da kowane gida zai iya.

A ranar girbin acca, ko haƙar dankali, a keɓe rabo tun kafin a kai rumbu, a kuwa kai shi ga wanda ba ya cikin gayyarmu.

Ɗan ƙodago da ya zo daga nesa, a biya shi ranar da aka yi alkawari, ya kuma ci daga ƙwaryar da muke ci.

A tsare matan baƙi da 'ya'yansu daga baƙar magana da wasan banza na samarinmu.

In baƙo ya miƙo mana hannu, kada girman kai ya hana mu karɓa da godiya. Da Naomi ta kori Ruth, da ta kori abincinta.

Mu kanmu dā bare ne ga alkawaran Allah, aka kawo mu kusa ta wurin jinin Almasihu (Afisawa 2:12-13). Masu kala ne mu a gonarsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne mutane ne shari'a ta ba rabo a gefen gona, kuma don me?
2. Lissafta abubuwan da Boaz ya yi waɗanda doka ba ta tilasta masa ba.
3. Ta yaya Ruth ta zama albarka ga gidan Naomi?
4. Su wa ne "mutanen Mowab" a idon ƙauyenku?
5. Yaya mai bi zai nemi gaskiya a kan ɓarnar gona ba tare da ƙin dukan dangin mai ɓarna ba?

Addu'a

Ya Ubangiji, mai ƙasa da ruwan sama, ka karɓe mu sa'ad da muke baƙi. Ka warkar da masu makoki a ƙauyukanmu. Ka buɗe hannunmu a ranar girbi, ka ba mu tawali'u mu karɓi taimako daga wanda ka aiko. Cikin sunan Yesu, Amin.