Jirgi Ya Fasa Sauka? Ku Bar Zagin Matuƙi, Ku Ɗaure Bel

Na gaji da bidiyon nan da ake ta turo mini a WhatsApp: jirage biyu a sama kamar za su gogi juna, an rubuta a ƙasa wai saura ƙiris a yi karo. Akasarin irin waɗannan hotuna aiki ne bisa ƙa'ida. A can sama inda jiragen fasinja ke tafiya, tazarar da doka ta yarda tsakanin na sama da na ƙasa ƙafa 1,000 ce, wajen mita 300. In ka leƙa ta taga, ko kyamarar waya ta jawo maka ɗayan jirgin, sai ka rantse hannu zai taɓa.

Haka masu cewa jirginsu ya kusa faɗuwa don matuƙi ya sauko har ana ganin rufin gidaje, sannan ya ba inji wuta ya koma sama. Ko dai wani jirgin bai gama barin titi ba, ko hazo ya rufe fili kamar yadda yake yi a Kano da hunturu. Abin da aka koya masa ke nan, kuma matuƙin da ya nace sai ya sauka shi ne abin tsoro.

Kusantar gaske tana faruwa, ba musu. Sanadinta gajiya ce, da ƙarancin ma'aikata, da rikita lambar jirgi a rediyo. Shi ya sa aka sa wa jirage na'urar TCAS, mai magana da ta ɗayan jirgin, ta ce da wannan ya hau, wancan ya sauka. Ranar 1 ga Yuli 2002, a saman Überlingen a kudancin Jamus, na'urar ta ce da wani jirgin Rasha ya hau, jami'in kula da zirga-zirgar jirage da ke Zurich, shi kaɗai a bakin aiki a daren, ya ce ya sauka. Matuƙan suka bi jami'in, suka ci karo da jirgin kaya na DHL, mutum 71 suka rasu, galibinsu yara. Tun daga nan aka tsaurara doka: in na'ura da jami'i suka saɓa, na'ura ake bi.

To ga inda abin ya shafe ka, kai fasinja. Daƙiƙa biyar kacal aka ba matuƙi ya fara bin umarnin na'urar. Ba shi da lokacin sanarwa, balle ya jira ka koma kujerarka. A Janairun 2001 jirage biyu na Japan Airlines, ɗauke da mutum 677, suka kusa haɗuwa. Matuƙin ɗaya ya dulmiya da jirginsa ƙasa, aka tsira, amma kusan mutum 100 suka ji rauni, har keken abinci ya daki rufi. Don Allah, muddin kana zaune, bel ɗinka ya kasance a ɗaure, ko fitilar alamar ɗaure bel ta mutu. Ɗaure shi a ƙugu, ba a sakwarkwace kan ciki ba. In za ka lulluɓa, ɗaure shi a saman bargon. Uwa mai jariri ta bi abin da ma'aikatan jirgi suka nuna mata, don hannu ba ya riƙe yaro in jirgi ya fizga. Masu miƙewa ɗauko jaka tun jirgi bai tsaya ba, ku daina. A titin ƙasa ma ana taka birki ba shiri.

Hukumomi kuwa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaggawar neman wanda za a hukunta. A Japan an gurfanar da jami'an kula da zirga-zirga biyu da ke lura da jiragen nan, kotu ta same su da laifi. Ma'aikacin da ya ga haka, gobe in ya yi kuskure zai kai rahoto? Zai yi shiru ne, kuskuren ya zauna yana jiran wani. A ɗauki isassun ma'aikata, a gyara rada da rediyo, kuma kada a sake barin mutum ɗaya yana gadin sararin sama cikin dare.