Ƙarfi da Nauyi: Darasi Daga Gasar Ƙetare Shingaye

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni har a tsallaka iyaka zuwa Tibiri da Maraɗi, ya san cewa idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, fagen kokawa ke cika. A wannan fage ƙato ake shakka. Tun daga shekarar 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasar Nijar a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara, har zuwa Disambar 2023 da Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas, masu kallo a fage da a talabijin sun saba ganin majiya ƙarfi masu faɗin ƙirji.

Sai ga wani wasa dabam da ake yi a Japan da Amurka, wanda yanzu ake iya kallonsa a wayar hannu. A cikinsa ana tsallake ramukan ruwa, ana lilo da hannu daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ana hawa bango da igiya. Abin mamaki, a nan yaro siriri ɗan shekara 15 kan bar ƙatti a baya. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka ta fuskar ilimin halittu, da kuma haɗarin da ke tattare da jikin da bai gama girma ba.

Asalin Gasar

Gidan talabijin na TBS da ke Japan ne ya fara nuna wannan gasa a 1997 da sunan Sasuke. Mutum 100 ke shiga, matakai huɗu ne, kuma wanda ya faɗa ruwa sau ɗaya ya fita. Daga 1997 zuwa 2020 mutum huɗu kacal suka kammala matakan duka. Biyun farko, Kazuhiko Akiyama a 1999 da Makoto Nagano a 2006, masunta ne, wato mutanen da sana'arsu ta saba musu da jan igiya da koma.

A 2009 aka fara irinta a Amurka da sunan American Ninja Warrior. A 2021 aka sassauta ƙa'idar shekaru, aka yarda 'yan shekara 15 su kara da manya. A wannan shekarar ce Kaden Lebsack, ɗan shekara 15, ya fi kowa nisa, ya karɓi dala dubu 100. Wasan ya bunƙasa har an amince ya maye gurbin hawan doki a gasar wasanni biyar ta zamani a wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjeles.

Labarin Wani Matashi

Daga cikin matasan da suka yi fice akwai Vance Walker. Tun yana jariri likitoci suka gano yana da wata lalura ta ƙwaƙwalwa mai sa tsokar ƙafafu ta riƙa sandarewa, har ya yi ƙuruciyarsa da abin tallafi ɗaure a ƙafafunsa. Duk da haka ya shiga gasar yara, ya zama zakaran rukuninsa sau biyu. Ya shiga ta manya a 2021, amma a wannan shekara da ta bayanta bai kai matakin ƙarshe ba.

Matakin ƙarshen shi ne hawan igiya mai tsawon ƙafa 75, wato kusan mita 23, cikin daƙiƙa 30. A 2023, yana ɗan shekara 18, ya hau ta cikin ƙasa da daƙiƙa 27, ya ci dala miliyan ɗaya. A 2024 ya maimaita, ya zama mutum na farko da ya ci wannan kyauta sau biyu. To, mene ne a jikin matashi da ke ba shi wannan fifiko?

Inda Ƙarfin Riƙo Yake

Da farko, tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun take ba. Manyanta suna sangalin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga can wasu jijiyoyi masu tauri, irin agarar da mahauta suka sani, suka bi ta tafin hannu suka manne a ƙasusuwan yatsu. Idan tsoka ta tsuke sai ta ja jijiyar, yatsa ya lanƙwashe, kamar yadda mai jan ruwa ke tsaye a bakin rijiya alhali guga na can ƙasa. Ɗalibi na iya tabbatar da wannan: ya dafa sangalin hannunsa na dama da hannun hagu, sannan ya dunƙule na daman, zai ji tsokar ta kumbura.

Ƙarfin tsoka kuwa ya dogara ne ga kaurinta, wato faɗin fuskar da za a gani in an yanka ta a gicciye. Igiya mai kauri ta fi siririya ɗaukar kaya, ko da tsawonsu ɗaya. Haka tsoka take.

Lissafin Ƙarfi da Nauyi

A nan ne asirin yake, kuma masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana shi tun 1638. A ɗauki bulon ƙasa, a ninka tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa sau biyu-biyu. Faɗin fuskarsa zai ninku sau 4, wato 2 sau 2. Nauyinsa kuwa zai ninku sau 8, wato 2 sau 2 sau 2. Ke nan idan jiki ya ƙara girma, ƙarfi na ƙaruwa, amma nauyi ya fi shi saurin ƙaruwa.

Alal misali, a ƙaddara saurayi mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 50, da wani mai irin ƙirarsa sak amma tsawonsa mita 1.92, wato ya ninka na farkon sau 1.2. Ƙarfin na biyun zai ninka na farkon sau 1.44, nauyinsa kuwa sau 1.73, kimanin kilo 86. Idan aka raba ƙarfin kowannensu da nauyinsa, za a ga babban ya gaza ƙaramin da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan ƙa'ida ce ta sa tururuwa ke ɗaukar abin da ya ninka nauyinta sau da yawa, giwa kuwa ba ta iya tsalle.

Yanzu bambancin wasannin biyu ya fito fili. A kokawa, kayan da ake son ɗagawa jikin abokin karawa ne, nauyin ɗan kokawa kuwa turke ne da ke hana a tumɓuke shi. Don haka girma na taimako, ko da yake dabara na da nata rabo. A kan igiya kuwa, kayan da mutum ke ɗagawa jikinsa ne. Kowane kilo da ya ƙaru, yatsunsa ne za su biya. Shi ya sa a karkara ba ƙaton gari ake turawa kan giginya ko cikin rijiya ba.

Makamashin Tsoka

A ƙaddara mai hawan igiyar nan nauyinsa kilo 60 ne. Ɗaga kilo 60 zuwa mita 23 aiki ne na kimanin jul 13,800. Idan aka raba da daƙiƙa 27, za a sami wat 500 da 'yan kai, wato ya ɗan ɗara wutar ƙwan lantarki takwas masu wat 60. Daga ina wannan makamashi ke fitowa?

Tsoka ba ta amfani da abinci kai tsaye, sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma hanyoyi uku jiki ke bi wajen samar da shi. Ta farko ajiya ce da ke cikin tsokar kanta. Tana da ƙarfi ainun, amma ba ta wuce kimanin daƙiƙa 10. Ta biyu ita ce farfasa sukarin gulukos ba tare da iskar oksijin ba, wadda kan ɗauki aiki mai tsanani na minti ɗaya zuwa biyu. Ta uku ita ce ƙona sukari da kitse da oksijin. Ba ta da gaggawa, amma ita ke riƙe manomi wuni guda a gona. Hanyoyin uku tare suke aiki, sai dai ɗaya kan rinjaya gwargwadon tsananin aikin.

Akwai kuma wata matsala ta musamman ga mai rataye. Idan tsokar sangalin hannu ta daɗe a tsuke, takan matse jijiyoyin jinin da ke cikinta, oksijin ya daina isowa sosai, dattin aiki ya taru. Sai hannu ya yi tauri, yatsu su buɗe da kansu ko mai su bai so ba. Don haka ne gwanaye kan saki hannu ɗaya su girgiza shi, domin jini ya koma.

Aikin Ƙwaƙwalwa

Ƙarfi kaɗai ba ya ƙetare shinge. A cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk wani juyi da kai ya yi. Tsoka da gaɓoɓi su ma suna aika saƙon inda suke. Sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ne ke haɗa waɗannan saƙonni ya daidaita motsi, kuma maimaitawa ke gyara aikinsa. Labarin Vance Walker shaida ne: lalurarsa ba ta gushe ba, amma horo na shekaru ya koya wa jikinsa amfani da abin da yake da shi. Yaron Isa ko Sabon Birni da ke wasan langa, ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya yana ture abokin wasa, wannan sashe na ƙwaƙwalwa yake horarwa, kuma bai biya ko kwabo ba.

Haɗarin da Ke Ga Mai Tasowa

Jikin da ya ba matashi fifiko shi ne kuma ke da rauni a ɓoye. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, kuma daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Wannan faifai bai kai ƙashi da jijiyoyin da ke kewaye da shi ƙwari ba. Ba ya rikiɗa ya zama ƙashi sai wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari, wani lokaci ma ya ɗara haka. Likitoci sun sha ganin tsagewar wannan faifai a yatsun matasa masu wasan hawa, musamman a gaɓar tsakiya ta yatsan tsakiya. Idan aka yi sakaci, yatsan na iya karkacewa har abada. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai ɗanyen icce in aka matsa masa, a karkace zai girma.

Saboda haka malamin wasanni ya kula da abubuwa huɗu. Na ɗaya, kada yaro ya riƙa rataye da kan yatsu kaɗai, ko ya ɗaura wa jikinsa ƙarin nauyi. Ciwo ko kumburin gaɓa da ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki na bukatar hutu da hoton ƙashi a asibiti, ba murza ba.

Na biyu, kada wannan darasi ya sa wani ya rage cin abinci don ya yi sauƙin nauyi. Yunwa kan ci tsoka, ta kuma tauye girma. Fura da nono, wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kifi da zogale sun ƙunshi furotin da kalsiyam da jiki mai tasowa ke nema.

Na uku, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin gabashin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma mai motsa jiki na iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. A yi horo da sassafe ko da la'asar sakaliya, a sha ruwa kafin ƙishirwa ta tsananta.

Na huɗu, ƙwayoyi. Tiramadol ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Ciwo yake ɓoyewa, alhali ciwo shi ne mai gadin da ke sanar da jiki an kusa ɓarna. Yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Tun daga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

A tuna kuma cewa 'yan wasan talabijin ruwa ko katifa suke faɗawa, ga likitoci a gefe. Wanda ya kwaikwaye su a kan katangar makaranta, ƙasa mai tauri ce za ta tarbe shi.

Kammalawa

Ƙato na cin kokawa ne domin nauyinsa makaminsa ne, matashi kuwa na cin igiya domin ƙarfinsa ya yi wa nauyinsa yawa. Ƙa'ida ɗaya ce ta halitta ke aiki a fagen Maraɗi da kuma dandalin Amurka. Matashin da ya fahimce ta zai zaɓi wasan da ya dace da ƙirarsa, ya ƙara horo kaɗan-kaɗan, ya bar ƙashinsa ya nuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin Aji

1. A kafa sandar ƙarfe mai ƙwari wadda ɗalibi zai iya kamawa yana tsaye, a zuba yashi a ƙarƙashinta. A auna nauyin ɗalibai goma masu lafiya, kowanne ya rataya da hannu biyu ya naɗe ƙafafunsa, a rubuta daƙiƙoƙin da ya yi. Shin mafi nauyi ne ya fi daɗewa? Waɗanne dalilai ne ban da nauyi za su iya sauya sakamakon?

2. Idan aka ninka kowane gefe na bulo sau 3, sau nawa faɗin fuskarsa zai ninku, sau nawa kuma nauyinsa?

3. A ƙidaya bugun zuciyar ɗalibi na minti ɗaya kafin wasan langa, da bayan an tashi, da kuma bayan hutun minti biyar. A bayyana abin da ya sa numfashi ke ci gaba da sauri bayan an daina wasa.