Idan Gyaran Gida Ya Ɓaci: Hanyoyin Warware Saɓani Tsakanin Mai Gida Da Magini

Daga cikin rigingimun kuɗi da 'yan kasuwa kan faɗa ciki, kaɗan ne suka kai na gyaran gida cin rai da cin lokaci. Wanda zai sayi buhun shinkafa yana iya soka shi ya duba ƙwayar kafin ya biya. Gini kuwa yakan ɓoye aibinsa a ƙarƙashin filasta da fenti, sai damina ta sauka sannan silin ya fara ɗiga, bango ya tsage, tayil ya ɗago. A lokacin an riga an biya kuɗi, magini kuma ya koma wani aikin. Masana tattalin arziki suna sanya irin wannan ciniki cikin waɗanda mai sayarwa ya fi mai saye sanin abin da ake sayarwa, kuma a duk inda aka sami haka saɓani ba ya nisa.

Gyara ya fi sabon gini wuyar shari'a. A sabon gini duk abin da ya lalace aikin hannun magini ne ko na wanda ya zana masa. A gyara kuwa akwai tsohon gini a ƙasa, don haka amsar farko da mai gida zai ji ita ce, haka aka tarar da bangon tun asali. Wani lokaci ma gaskiya ne. Gidan da tun farko ba a sa masa abin tare danshi a tushensa ba, ko an yi masa sabuwar filasta sau uku sai ta sake kumbura.

Saboda haka abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne daga ina ɓarnar ta fito: daga hannun ma'aikaci, ko daga kayan aiki, ko daga tsarin da aka bayar. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga 'yan kasuwar da suka saba sayen siminti da rodi da kwano da kansu, su ba birkila jingar aikin hannu kawai. Wanda ya yi haka ya rage kuɗin da yake kashewa, amma ya ɗauko wa kansa wani kaso na alhaki. Idan shi ya kawo yashi mai gishiri, kamar yadda kan faru a garuruwan bakin teku irin su Legas, rodin cikin kankare ya yi tsatsa ya fasa shi, ba zai ɗora wa birkila laifin duka ba. Haka nan idan an ce masa aikin na bukatar buhu arba'in ya ce a yi maneji da talatin. Amma ɗan kwangilar da ya karɓi aiki da kayansa gaba ɗaya, shi ke da alhakin ingancin aikin da na kayan, tare da aikin kafinta da mai wayarin da mai famfo da ya ɗauko, ko da mai gida bai taɓa ganin fuskokinsu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar kiran wani magini ya farfasa aikin ya sake. Mai gidan da ya yi haka ya rushe shaidarsa da hannunsa. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hotuna, a tattara rasit, takardar kimar aiki, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin waya. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓi shaidar da aka fitar daga kwamfuta da wayar hannu, muddin an cika sharuɗɗanta. Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce a idon doka. Matsalarta kawai ita ce kowa da abin da yake tunawa. Sai dai jiran shaida ba hujja ba ce ta barin ruwa ya ci gaba da zuba a kan kaya. Doka ta ɗora wa wanda aka cuta nauyin rage asararsa gwargwadon iko, kuma ba za a biya shi ɓarnar da ya zuba ido ta ƙaru ba.

Idan kuɗin da ake magana a kai yana da yawa, rahoton ƙwararre ya fi shaidar maƙwabta goma. Nijeriya tana da hukumomin rajistar masu wannan sana'a: COREN ta injiniyoyi da aka kafa a 1970, da CORBON ta magina da aka kafa a 1989, sannan akwai hukumar masu ƙididdigar kuɗin gini ta 1986. Injiniya ko magini mai rajista zai faɗi abin da ya lalace da dalilinsa, mai ƙididdiga kuma ya faɗi nawa gyaran zai ci. Jihar Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini na gwamnati, inda ake auna ƙarfin bulo da kankare. Da zarar irin wannan takarda ta shigo, gardama takan tashi daga "aikin bai yi ba" ta koma kan adadi, adadi kuwa ana iya sasantawa a kansa.

Daga nan sai a rubuta wa magini takarda, a jera aibobin ɗaya bayan ɗaya, a ba shi wa'adi mai ma'ana ya zo ya gyara. Masu gida da yawa ba sa son sake ganin wanda ya ɓata musu aiki, kuma ana iya fahimtar hakan. Amma ta fuskar lissafi, wanda ya yi aikin shi ne zai gyara shi a farashi mafi sauƙi, kuma wanda ya hana shi wannan dama ba tare da dalili ba yana iya tarar da cewa an rage masa diyya. Inda aka ba shi dama ya ƙi zuwa, ko ya zo ya ƙara ɓatawa, to takardar ta zama makami a hannun mai gida.

Babbar tambaya ita ce ta ragowar kuɗi. Shin mai gida yana da ikon riƙe duk abin da ya rage don aikin bai yi masa ba? Dokar yarjejeniya ta Nijeriya ta samo tushe daga ta Ingila, kuma kotunan ƙasar nan sukan duba hukunce-hukuncen can don neman haske, ko da yake ba dole ne su bi su ba. Shari'o'i uku sun isa su nuna inda aka dosa.

A shari'ar Hoenig da Isaacs ta 1952, an yi jinga da wani mutum ya ƙawata gida ya sa masa kayan katako a kan fam 750. Mai gida ya biya fam 400, ya ƙi biyan sauran saboda aibi a ƙofar wadirob da kantar littattafai. Gyaran waɗannan bai kai fam 56 ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce an kammala aikin a dunƙule, don haka a cire kuɗin gyaran a biya ma'aikaci sauran. Shekara ashirin bayan haka, a shari'ar Bolton da Mahadeva ta 1972, an ba wani aikin sa na'urar ɗumama gida a kan fam 560. Na'urar ba ta ɗumama gidan yadda ya kamata, tana kuma fitar da hayaƙi, gyaranta zai ci kimanin fam 174. A nan kotu ta ce ba a yi aikin da aka yi jinga a kai ba, ɗan kwangila bai cancanci ko kwabo ba. Bambancin a fili yake: a ta farko aibin bai kai kashi takwas cikin ɗari na kuɗin aiki ba, a ta biyu ya kusa kashi ɗaya cikin uku, kuma abin da aka sa ba ya amfanin da aka sa shi dominsa.

Ta uku gargaɗi ce ga masu gida masu zafin zuciya. A shari'ar kamfanin Ruxley da Forsyth ta 1995, an yi yarjejeniyar gina tafkin wanka mai zurfin ƙafa bakwai da inci shida, aka gina shi ƙasa da haka da inci tara. Tafkin yana amfani lafiya, darajar gidan ba ta ragu ba. Mai gida ya nemi fam 21,560 don a rushe a sake. Kotun ƙoli ta Ingila a wancan lokaci ta ce wannan ya wuce hankali, ta bar shi da fam 2,500.

A ce ɗan kasuwa ya ba da gyaran rufi da silin a kan naira miliyan huɗu, ya biya uku, saura ɗaya. Mai ƙididdiga ya ce gyara yoyon da ya bayyana zai ci naira dubu ɗari uku. Abin da ya dace ya riƙe ke nan, ya biya dubu ɗari bakwai. Idan ya riƙe miliyan ɗin duka, ya ba magini hujjar shigar da shi ƙara, wanda aka cuta ya koma wanda ake bi bashi. Amma idan rufin gaba ɗaya sai an kware shi, to lissafin ya sauya, har abin da aka riga aka biya yana iya shiga cikin abin da za a nema.

Manyan kwangiloli sun daɗe da maganin wannan matsala. Akan riƙe wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, daga kuɗin ɗan kwangila, ba a sakar masa duka sai bayan wa'adin lura da aibi, wanda sau da yawa wata shida ne. Babu abin da ya hana mai ƙaramin gyara ya sa wannan sharaɗi, sai dai ya lura da cewa wata shida na rani ba sa gwada rufi. Aikin da aka gama a Nuwamba ya kamata wa'adinsa ya ratsa damina. Abin da aka fi gani kuwa akasin haka ne: a ba da kafin alƙalami mai tsoka, a riƙa biya gaba da aiki, har ranar da saɓani zai tashi mai gida ba shi da abin riƙewa.

Akwai ƙofa ɗaya da mutane ke yawan bugawa alhali ba ta nan ba ce, wato ofishin 'yan sanda. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Mai gidan da ya sa aka tsare birkila saboda filasta ta tsage yana iya samun kansa a gaban kotu ana neman diyyar tauye haƙƙi daga wajensa. Wanda ya karɓi kuɗi da niyyar damfara ya gudu, ko ya sace kayan aiki, wannan wani batu ne daban.

Sulhu shi ne mafi arha. A garuruwan Arewa akwai tsohuwar sarautar Sarkin Magina, kuma a unguwannin Hausawa na Kudu, irin su Sabo a Ibadan ko Agege a Legas, Sarkin Hausawa da dattawan kasuwa sun saba raba irin wannan gardama. Ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci ma suna da tasiri a kan 'ya'yansu, domin ma'aikacin da sunansa ya ɓaci a unguwa ya rasa kasuwa. Raunin wannan hanya shi ne idan magini ba ɗan cikin jama'ar ba ne, ba ya jin nauyin kowa. A nan cibiyoyin gwamnati ke shigowa. Legas ta buɗe cibiyar sasanta jama'a kyauta a 1999, sannan a 2002 aka kafa cibiyar sulhu mai ƙofofi da yawa da ke haɗe da babbar kotun jihar. Abuja da Kano da wasu jihohi sun bi sahu. Amfaninta shi ne idan alƙali ya sa hannu a kan abin da aka sasanta, ya zama hukuncin kotu. Dokar sulhu da sasantawa ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ƙara wa irin wannan yarjejeniya ƙarfi.

Ga wanda sulhu ya gagara, Legas ta kafa kotunan ƙananan da'awa a 2018, da iyakar naira miliyan biyar a lokacin kafa su, da burin kammala shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. An tsara su ne don kuɗin da adadinsa tabbatacce ne, saboda haka sun fi dacewa da neman a mayar da kafin alƙalamin aikin da ba a yi ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ƙorafi ga CORBON ko COREN kuwa yana iya jawo wa mai rajista ladabtarwa, amma ba hanyar karɓo kuɗi ba ce, kuma yawancin masu gyaran gidaje ba su cikin rajistar.

Lokaci ma yana da farashi. A Legas da Abuja wa'adin shigar da ƙara kan saɓa yarjejeniya shekara shida ne, a wasu jihohi biyar. Amma tun kafin doka ta rufe ƙofa, hauhawar farashi ta riga ta cinye haƙƙin. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, kusan ninkin farashinsa na shekarar da ta gabata, kuma hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, naira dubu ɗari bakwai a hannu yau tana iya fin miliyan ɗaya da za a samu bayan shekara biyu ana zaryar kotu, balle a cire kuɗin lauya. Kafin ya shigar da ƙara, ɗan kasuwa ya kuma tambayi kansa me magini ya mallaka, domin hukunci a kan wanda ba shi da komai sai cebur da kwanon kwaɓa takarda ce kawai. Irin wannan ma'aikaci abin da zai iya biya da shi shi ne aikin hannunsa, don haka takardar sulhu da shi ta ƙunshi aikin da zai sake, wanda zai sayi kaya, ranar gamawa, da wanda zai duba aikin kafin a sakar masa ragowar kuɗinsa.