Kafin Ka Ɗauki Hanyar Legas

Ɗana, mahaifinka ya shaida mini ka ƙuduri aniyar kai iyalinka Legas da motarka a wannan hutun, ku gaida dangin matarka da ke Agege. Na ji daɗi, don zumunci a ƙafa yake, yaran kuma za su ga ƙasarsu da idonsu. Sai dai ya ce da ya tambaye ka shiri, kuɗin mai kaɗai ka lissafa masa, ka kuma ce yini guda ya ishe ka. Waɗannan biyun ne suka hana ni yin shiru.

Bari mu fara da man, tunda shi ka fi sa wa ido. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa 1,000 a garuruwa da dama. Saboda haka kada ka yi lissafi da abin da wani ya kashe bara. Ka san shan motarka tukuna. Cika tanki fal, ka rubuta lambar da mitar tafiya ke nunawa, ka yi zirga-zirgarka ta mako guda, ka sake cikawa, sai ka ga lita nawa ta sha a kilomita nawa. Daga Kano zuwa Legas ta Lakwaja tafiyar ta haura kilomita 1,000 da kyau, kai dai ka ɗauka 1,200 ce don kada lissafi ya gaza. In motarka na shan lita 10 a kowace kilomita 100, lita 120 ke nan zuwa, 120 dawowa. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, domin mota mai ɗauke da mutum biyar da kaya maƙil a but, ga na'urar sanyi a kunne, ga gosulo, ba za ta sha yadda take sha kai kaɗai daga gida zuwa ofis ba. Sannan ka ninka da farashin ranar da za ka tashi.

In ka gama wannan, kuɗin tafiyar ka kasa su uku, kowane kaso da mazauninsa. Na zuwa, na dawowa, da na ko-ta-kwana. Na dawowa ka bar su a asusun da katinsa ba ya aljihunka kullum, ka ɗauka ba ka da su har ranar juyowa. Mutane da yawa da kake jin sun kira gida suna neman a turo musu kuɗin mota, ba fashi aka yi musu ba. A hankali suka taɓa na dawowa, yau dubu biyar, gobe dubu goma, ga baƙunta, ga kunyar surukai. Na ko-ta-kwana kuma, a ganina, kada su gaza kuɗin sabuwar taya ɗaya, da kwana guda a masauki, da abin da za a ba mai janwe in mota ta ƙi tashi a daji. In ka duba ka ga ba za ka iya haɗa kaso na ukun nan ba, to tafiyar ba ta nuna ba. Ku shiga motar haya, ko ka ɗaga zuwa wani hutun. Babu abin kunya a ciki.

Kuma ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, a rarrabe: wasu a jikinka, wasu wurin maiɗakinka. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san taransifa kan maƙale a lokacin da aka fi buƙatarta, kuma mai faci a bakin titin ƙauye ba ya jiran sabis ya dawo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato yini guda. Na san lissafin da ka yi: in ka bugo ta kai tsaye, ka huta da biyan ɗakin kwana. Ɗana, hasken rana ma yana cikin kasafin tafiya, kuma shi ba a cin bashinsa. Daga asuba zuwa magariba awa goma sha biyu ne da ɗan ɗoriya. Tsakanin ramuka, da shingayen bincike, da wuraren da ake aikin titi aka haɗe hannu biyu, da tsayawar salla da fitsarin yara, da wuya ka wuce kilomita 60 zuwa 70 a kowace awa in an haɗa duka. Yi lissafin da kanka. Dare zai same ka a tsakiyar dazukan Kogi ko Ondo, a gajiye, fitilun tireloli na dukan idonka, ga motocin da suka lalace a kan titi babu wata alama sai ganye da aka zuba. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci, balle ƙwayoyin da wasu direbobi ke haɗiya, waɗanda ina roƙonka kada ka kusance su.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro, wata da watanni suke yi da jakuna, amma madugu ba ya tayar da ayari sai ya san zangon da za a sauka, da inda ruwa yake, da abin da za a biya na fito a bakin kogi. A wannan tafiyar kai ne madugu. Zangonka na tsakiya Lakwaja ce, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ka tashi Kano bayan sallar asuba, ka bi Zariya, Kaduna, Tafa, ka ga Dutsen Zuma kafin Zuba, ka wuce Gwagwalada da Abaji, ka haye gadar Murtala Muhammad bayan Koton Ƙarfe, da yardar Allah la'asar ta yi maka a Lakwaja. Nemi masauki mai katanga da mai gadi tun da sauran rana, ka tambayi kuɗin ɗaki ta waya tun kana gida. Garin akwai zafi da sauro, kada a manta gidan sauron yara. Washegari sai Okene, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Ibadan, sannan babban titin da zai kai ka Legas.

Akwai tsohuwar hanya ta Tegina, Mokwa, gadar Jebba da Ilori, wadda ta fi gajarta a taswira. Amma sashen Birnin Gwari ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, ɓangaren Mokwa zuwa Jebba kuma tireloli sun cinye shi. Ita ma ta Lakwaja tana da nata: a ambaliyar 2012 da ta 2022 ruwa ya rufe titin a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Shi ya sa ana jibi za ka tashi, ka je tashar Unguwa Uku ko ta Na'ibawa, ka gaida direbobin dogon zango, ka tambaye su yadda hanya take a wannan makon. Taswirar waya za ta nuna maka hanyar da ta fi kusa, su kuwa za su gaya maka wadda ake bi. Matambayi ba ya ɓata. In wayar ta ce ka ratse ta wani ɗan titin daji don ka rage minti ashirin, ƙyale ta, ka bi inda jama'a ke bi.

Motar kuma ka kai ta wurin bakanikenka mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ka samu kwanakin gwada gyaran a cikin gari. A juye baƙin mai, a duba birki da mansa, da lagireto, da fanbel, da batir, da fitilu, da waifa. Taya ita ce zan tsaya a kanta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. In ka ga 2321, mako na 23 ne na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na gargaɗin cewa tayar da ta shekara huɗu ta tsufa, ko da zanenta na nan raɗau. Tayar gwanjo takan yi haƙuri a cikin gari, amma awa tara a kan kwalta mai zafi da nauyin iyali wani abu ne daban. Iska kuma a sa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, da safe kafin taya ta ɗau zafi, don masu faci da yawa sukan cika ta fiye da kima. Ka sauko da safayar ka tabbatar da iska a cikinta, ka gwada jak da wilsifana da hannunka a ƙofar gida.

Takardu ba sa son dogon bayani. Lasisin tuƙi, lasisin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023. Ka tabbatar ta gaske ce, ba ta bakin titi ba. Ga tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka yi gaisuwa, ka miƙa abin da aka tambaya. Mai cikakkun takardu da sanyin baki ba ya daɗewa a hannun jami'i. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ka sa ta a wayarka da ta matarka. Mai kuma, da tanki ya sauka rabi ka nemi babban gidan mai a cikin gari, kada ka bari sai ka koma hannun 'yan bumburutu.

Guzuri a haɗa shi daga gida. Dambun nama, kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, burodi, shayi a fulas, da ruwa mai yawa, har da jarka guda saboda alwala da lagireto. Abincin hanya ga tsada ga ɓata ciki, kuma yaron da gudawa ta kama a mota ya isa ya rushe duk tsarin da ka yi. Saka gishirin nan na haɗa ruwan gudawa da farasitamol a jakar uwarsu. Salla kuwa Allah Ya sauƙaƙa wa matafiyi. Kamar yadda muka karanta a Risala, tafiyar mil 48 ta isa a yi ƙasaru, taka ta ninka haka sau da yawa. In ka isa da niyyar zaman kwana huɗu ko fiye, sai ka koma cikawa. Ka sa tsayawar sallar ta zama lokacin hutunka, ka miƙe ƙafa, ka zagaya motar ka taɓa tayoyi. Ka kuma sanar da mutum ɗaya a gida duk garin da ka wuce.

Shiga Legas ka yi ta da rana tsaka. Daga Ibadan bai kai kilomita 130 ba, amma daga Kara zuwa Baja, a bakin shiga garin, cunkoso kan cinye awanni da yamma. Dokar bin hannun da ba naka ba tana da tsanani a can, har ƙwace mota ake yi, layin manyan motocin BRT kuma ba a taka shi. In ba ka san unguwa ba, ka ce wa surukinka ya turo yaro ya tare ka.

Saura tsaraba, wadda ita ce ke karya kasafin Bahaushe. Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana, ba a kuma dawowa haka. Ku zauna da maiɗakinka tun yanzu ku rubuta sunayen waɗanda za a yi wa, da abin da za a kashe, ku tsaya a kai. Ta zuwa a saye ta a Kano, kilishi, turaren wuta, kuka da daddawa, don a nan suka fi araha, a can kuma suka fi daraja. Ta dawowa, manja da doya da ayaba, a bari sai a hanya, inda ake sayar da su bakin titi tsakanin Ondo da Kogi, daga abin da ya rage na kason zuwa, ba na dawowa ba. Ka kuma duba nauyinsu kafin ka loda, don tayoyin da suka kai ku su ne za su dawo da ku.

Ka turo mini lissafinka a rubuce kafin Juma'a mu duba shi tare. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Ka gaida maiɗakin naka da yaran.