Salla Da Azumi A Ƙasar Da Rana Ba Ta Faɗuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi nahiyar Antatika, wadda ke can ƙarshen kudancin duniya, ƙanƙara ta lulluɓe ta. Babu gari babu gona a cikinta, sai tashoshin bincike inda masana da likitoci da makanikai suke zaune, bisa yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959. A tashar Vostok aka auna sanyi digiri 89 ƙasa da sifiri a 1983.

A daidai ƙurewar kudu, inda Amurka take da tasha, rana takan fito cikin Satumba, ba ta faɗuwa sai Maris, sa'an nan duhu ya biyo baya. To, Musulmin da aiki ya kai shi can, yaya zai yi da salla da azumi?

Amsa ita ce ba su faɗi a kansa ba. Hujja kuwa hadisin Dujal ne da Muslim ya ruwaito daga Nawwasu bin Sam'ana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, sai ya umarce su da su ƙaddara lokutan.

Saboda haka a 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa mutum ya sallaci salloli biyar cikin kowace awa 24, yana bin lokutan ƙasa mafi kusa inda dare da rana suke rarrabuwa. Haka zai yi wajen sahur da buɗa baki. Wasu malamai sun zaɓi a bi lokacin Makka.

Alƙibla fa? A ƙurewar kudu duk inda ka juya arewa ce, don haka sai ya fuskanci layin da ya ratsa Makka, wajen digiri 40 gabas. In ya rasa ruwa, ko ya ji tsoron cuta, malaman Malikiyya sun halatta taimama a kan ƙanƙara.

Mu da ladan yake tayar da mu, alfijir yana ketowa kullum, wace hanzari muke da ita in mun jinkirta salla?

Allah Shi ne Masani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.