Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin hoton zuciya a Tamanrasset

Malam mai sauraronmu daga Tamanrasset, ka tambayi kuɗin hoton da ake ɗauka kafin aikin daidaita bugun zuciya. Allah ya ƙara sauƙi.

Likita kan nemi hoton eko na zuciya, wani lokaci na zura bututu ta maƙogwaro don tabbatar da babu gudan jini a zuciya, sannan sikana ko MRI. A asibitocin gwamnatin Aljeriya kusan kyauta ne tun 1974, sai dai jiran layi. A asibitocin kuɗi kuwa MRI ya fi tsada, kuma inshorar CNAS kan mayar da kuɗi bisa farashin 1987, wanda bai taka kara ya karya ba.

Idan kuma aka tura ka Aljiyas, ka tanadi guzuri, domin kusan kilomita 2,000 ce daga garinku.