Horar da malamin da ke cikin aji: darasi daga makarantu masu harsuna biyu

Tun shekarar 1973 Nijar ta fara gwajin karantar da yara cikin harsunan gida, kuma dokar ilimi ta 1998 ta tabbatar wa waɗannan harsuna matsayinsu a makaranta. Amma doka ba ta shiga aji. Malami ne ke shiga, kuma akasarin malamanmu da Faransanci suka yi karatu tun daga aji ɗaya.

Wannan ne tushen matsalar. Malami zai iya zama Bahaushe gaba da baya, amma alli a hannunsa ya rubuta "tchiki" a maimakon "ciki", ko "chanou" a maimakon "shanu". Ya kan manta da lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, har "ɓata" ta koma "bata", alhali ƙa'idojin rubutun Hausa da hukuma ta tsayar a 1999 sun fayyace duk wannan. Iya magana daban, iya rubutu daban, iya koyarwa kuma daban.

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen gyara ita ce horon miƙa-miƙa: a horar da ƙwararru a Yamai, su horar da masu sa ido a jihohi, su kuma su sauko wa malamai a bita ta ƴan kwanaki. Tana da arha, tana kai wa jama'a da yawa. Sai dai saƙon na raguwa a kowane mataki, kuma malamin ya koma ƙauyensa ba mai duba ko abin ya zauna.

A ganina, tarukan CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa, sun fi dacewa da irin wannan gyara, in an riƙe su da gaske. Malaman Japan suna da daɗaɗɗiyar al'ada mai kama da haka: su shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar, saura su zauna suna lura da yara, sannan a tattauna a gyara. Idon mai kallo na kan ɗalibi ne, shi ya sa malami ba ya jin an zo yi masa jarrabawa. A irin wannan zama ne za a gano cewa yaron Adar da ya rubuta "hwara" a wurin "fara" bai yi kuskuren ji ba. Abin da yake furtawa ya rubuta. Malamin da ya san bambancin karin harshe zai nuna masa daidaitaccen rubutu ba tare da ya kunyata maganar gidansu ba.

Nan ne ɗalibin kimiyyar harshe yake da abin bayarwa. Littattafan da INDRAP ke tsarawa suna buƙatar wanda zai bi su zuwa aji, ya tattara kurakuran da ke cikin kayen yara, ya rarrabe wanda Faransanci ya haifar da wanda karin harshe ya haifar, ya kai wa malamai sakamakon a taronsu na gaba.